Ɗalibin da ya ce a sake lissafi ba marar kunya ba ne

Yau maganar jami'a da masu bincike za mu yi. Kada manomi ko mai shago ko uwar ɗiya su ce ba ta shafe su ba. Ku yi haƙuri ku bi mu, za ku ga inda ta biyo ta ƙofar gidanku.

A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu na Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da sakamakon wani bincike bisa bashin ƙasashe. Shi Rogoff ba ƙaramin mutum ba ne, ya taɓa zama babban masanin tattalin arziki na asusun ba da lamuni na duniya, FMI ɗin nan da kowa ya sani. Abin da suka ce shi ne, in bashin ƙasa ya wuce kashi 90 cikin 100 na dukiyar da take samarwa a shekara, to tattalin arzikinta tsayawa yake cik, har ya ɗan ja baya. Maganar ta samu shiga ƙwarai. 'Yan siyasa a Amurka da Ingila da hukumar Tarayyar Turai suka riƙa kafa hujja da ita, lokacin da ake tsuke bakin aljihun gwamnati ana rage kuɗin da ake kashewa bisa jama'a.

Ana nan sai ga wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon, ɗan shekara 28, yana karatun dokta a jami'ar Massachusetts ta garin Amherst. Malamai suka ba 'yan aji aiki, kowa ya zaɓi wani sanannen bincike ya sake lissafinshi tun daga farko. Shi sai ya zaɓi wanga na bashi. Ya buga, ya sake bugawa, lissafi ya ƙi fita. Da farko har malaman nashi sun ɗauka shi ne bai iya ba. Daga baya ya rubuta wa masu binciken, suka aiko mashi da ainihin takardar Excel da suka yi aiki da ita. Nan ya ga cikin ƙasashe 20, lissafin ya tsallake 5: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Danmak. Ya ga kuma akwai shekarun da ba a sa ba, da wata hanyar auna ƙasashen mai ayar tambaya. Da aka gyara a 2013, maimakon ja baya na kashi 0.1, sai aka samu ci gaba na kashi 2.2 cikin 100.

Gaskiya ɗaya ce, su manyan sun amsa kuskuren na Excel, amma sun tsaya bisa cewa bashi mai nauyi na tafiya da jinkirin ci gaba, kuma har yau masana na ja-in-ja a kai. Sai dai waccan katanga ta kashi 90 da ake tsorata ƙasashe da ita ta zube. Ku lura da abu uku da suka haɗu kafin hakan ta yiwu. Akwai ɗalibi mai naci. Akwai malamanshi biyu, Michael Ash da Robert Pollin, da suka tsaya mashi, suka kuma sa sunanshi gaban nasu a maƙalar. Akwai manya da suka yarda suka miƙa takardunsu a duba. Da ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, da har yanzu ana karantar da kuskuren a matsayin ilimi.

Ga kuma ɗaya gefen, inda tsoro ya yi sarauta. A jami'ar Tilburg ta ƙasar Holand an yi wani farfesa, Diederik Stapel, shugaban fakulte guda, tauraro a ilimin halayyar ɗan Adam. Shekara da shekaru yana ƙirƙiro alƙaluma da hannunshi, ya kawo wa ɗalibai ya ce ga sakamakon tambayoyin da aka yi a makarantu. Su wa suka tona? Ba mujallun da suka buga aikin ba ne. Matasa uku ne na ƙasa da shi, da suka yi watanni suna tara hujja a ɓoye kafin su kai wa shugaban sashe a 2011. Rahoton kwamitocin bincike na 2012 ya samu maguɗi a maƙala 55, da kundin dokta 10 na ɗalibanshi waɗanda aka gina bisa alƙaluman ƙarya ba da saninsu ba. An janye maƙalunshi 58. Su kuwa matasan uku, ba a fitar da sunayensu ba, don a kare su. Ku duba fa, a ƙasar da ake taƙama da 'yancin faɗin albarkacin baki, sai da aka ɓoye masu gaskiya.

Abin da muke so mu ce yau ke nan. A duk duniya, waɗanda suka fi ganin ɓarakar bincike su ne ƙanana, don su ke riƙe da alƙaluman da hannunsu. Kuma su ne suka fi kowa rashin kariya, don makomarsu na hannun wanda za su gyara wa. In ana so bincike ya gyaru, dole a tsaya wa waɗannan ƙanana. Nijar ma ba a bar ta a baya ba cikin wanga nauyi.

Kada ku ɗauka matsalar ta 'yan maguɗi ce kaɗai. Irin su Stapel kaɗan ne. Babbar cutar tana cikin yadda aka tsara sana'ar. A 2015 masu bincike 270, ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na jami'ar Virginia, suka sake maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam da manyan mujallu suka buga. A asali 97 sun ce sun gano wani abu tabbatacce. Da aka maimaita, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake fitowa haka. A 2012 masu binciken kamfanin magani na Amgen suka ce sun gwada manyan bincike 53 bisa ciwon daji, 6 ne suka tabbata. A 2023 kaɗai, maƙalun kimiyya sama da 10,000 aka janye a duniya.

Mi ke kawo haka? Ku ɗauki misali mai sauƙi. Ƙa'idar lissafin da aka fi amfani da ita ta yarda dace ya yaudari mai bincike kamar sau 1 cikin 20. To a ce mutum 20 sun gwada wani takin da ba ya ƙara komi a gonar hatsi. Kusan ɗaya cikinsu zai ga kamar ya yi aiki, alhali dace ne. Su 19 da ba su ga komi ba za su aje takardunsu cikin akwati, don mujalla ba ta son labarin "ba mu samu komi ba". Shi ɗayan nan ne za a buga nashi, a gayyace shi taro, a ƙara mashi girma. Babu wanda ya yi ƙarya cikinsu, amma abin da ya iso ga manomi ƙarya ne. Ƙara da wannan, ana auna malamin jami'a da yawan maƙalu. Wanda aka ce mashi yawa ake so, yawa zai kawo, ko da ƙaiƙayi ne.

Har kasuwa ta buɗe bisa wanga hali. Akwai mujallun bogi a intanet da ke karɓar kuɗi su buga komi ba tare da wani masani ya karanta ba. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya shirya maƙalar ƙarya cike da kurakuran da ɗalibin ilimin magunguna zai gane, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Su kuma manyan mujallun kirki, kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 a 2021 ga mai son a buɗe maƙalarshi kowa ya karanta kyauta, wato sama da sefa miliyon 6 a takarda guda.

To mi matasan da ke neman gyara suke so? Ba wani abu mai wuyar ganewa ba ne. Suna so mai bincike ya rubuta abin da zai gwada da yadda zai lissafa shi tun kafin ya ga sakamako, ya aje a wurin da ba ya iya gogewa, don kada ya harba kibiya sannan ya zana da'ira inda ta faɗi. Suna so a aje alƙaluma inda wani zai iya sake lissafi. Suna so a buga sakamakon da bai yi daɗi ba kamar yadda ake buga mai daɗi. Suna so duk wanda ya yi aiki sunanshi ya fito, wanda bai yi ba kuma kada a liƙa nashi don girma. Suna so a auna mutum da ingancin aikinshi, ba da sunan mujallar da ta buga ba, wanda shi ne kiran da sanarwar San Francisco, DORA, ta yi tun 2012.

Ba su jira manya sun ba su izini ba. A 2018 matasa uku a jami'ar Oxford ta Ingila, Amy Orben da Sam Parsons da Sophia Crüwell, suka fara wani zama da suka raɗa wa ReproducibiliTea, sunan da ya haɗa kalmar maimaita bincike da kalmar shayi a Ingilishi. A kafa buta, a ɗauko maƙala guda, a tattauna yadda aka yi ta da inda za ta iya ruɗar mutum. Yau irin wanga zama ya bazu a wurare sama da 100 cikin ƙasashe da dama. Mu da ke da fada a kowane lungu, shayi na farko da na biyu da na uku, wa zai koya mana wannan?

Amma akwai farashi, kuma su ke biya. Matashin da ya ɓata wata shida yana tsabtace alƙaluma, yana sake gwajin wani, yana koya wa 'yan uwanshi lissafi, zai fito da maƙala ɗaya lokacin da abokinshi ya fitar da huɗu. Ranar ɗaukar aiki huɗun ake ƙirgawa. Wanda ya nuna kuskuren babba kuma, gobe babban ne zai zauna a kwamitin da zai duba takardunshi. Shi ya sa da yawa suke yin shiru, wasu kuma su bar jami'ar gaba ɗaya. Ana yabon gyara a bakin taro, ana hukunta mai gyara a ofis.

Yanzu mu dawo gida, don bincike ba abin nesa ba ne gare mu. A Madarunfa, nan jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF ta gwada allurar ɗigo ta rigakafin zawon yara na rotabiris, mai jure zafi, bisa jarirai kusan 3,500. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna tana kare kusan kashi 67 cikin 100 na zawo mai tsanani, kuma a 2018 hukumar lafiya ta duniya ta amince da ita. A jihar Doso aka yi wani ɓangare na gwajin raba wa yara maganin azitromisin sau biyu a shekara, wanda sakamakonshi na 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a Nijar. Duka biyun an rubuta tsarinsu a rajistar duniya tun kafin sakamako ya fito, shi ya sa aka yarda da su. Buhun nan mai ruɓi uku na ajiyar wake ba tare da magani ba, PICS, masu binciken INRAN na Maraɗi sun sha gwada shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka kafin ya cika kasuwanni.

Ga kuma misalin amfanin komawa a duba. An daɗe ana rubuta cewa hamada na cinye kudancin Nijar ba ji ba gani. Sai cikin shekarun 2000 masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou tare da Chris Reij da Gray Tappan, suka kwatanta hotunan sama na 1975 da sababbi, suka kuma taka gonaki da ƙafa. Nan aka ga manoman Maraɗi da Damagaram, ta hanyar sassaben zamani, sun raya itatuwa kusan miliyon 200 bisa hekta wajen miliyon 5, gawo da 'yan uwanshi. Abin da kowa ya sani ashe ba haka yake ba ko'ina. Da ba a koma an duba ba, da har yau manomi na shan zargi bisa abin da ya kamata a yaba mashi.

To a duk irin waɗannan ayyuka, wa ke hawa babur ya shiga ƙauye da takardar tambayoyi? Wa ke auna nauyin jariri, ya ƙirga tsutsa a zangarniya, ya kwana a labo yana jiran kuran ya dawo? Ƙannenmu ne da ɗiyanmu, ɗaliban masta da na dokta, da 'yan kwantaragi. Su ne na farko da za su san in sikeli ya lalace, ko wani ya zauna gindin icce ya cike takardun gida hamsin bai shiga ko zaure ɗaya ba. In wanga yaro ya san cewa buɗe baki zai ci kwantaraginshi, shiru zai yi. Shirun nan kuma shi ke zama rahoto, rahoto ya zama tsarin gwamnati, tsari ya zama irin da aka raba wa manomi ko maganin da aka ɗura wa ɗanki.

Lokacin ma ya dace. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta faro a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Amma na Maraɗi da Damagaram da Tawa, wato Dan Dicko Dankoulodo da André Salifou da Djibo Hamani, sai a 2010 suka tsaya da ƙafarsu, na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi kuma a 2014. Jami'o'i ne 'yan shekaru kaɗan. Yanzu ake kafa ɗabi'un da za su daɗe a cikinsu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutanen Turai suna fama su kwance abin da suka ɗaure shekara da shekaru. Mu muna da damar kada mu ɗaura tun farko.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba.

Za a ce tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya gyara wa babba ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ne a sha'anin zaman duniya. Amma lissafi bai san furfura ba. Biyar da biyar goma ne ko a bakin wa ta fito. Kuma Hausawan da suka yi waccan magana su ne suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Herndon bai zagi kowa ba, wasiƙa ya rubuta ya roƙi takarda. Ladabi yana cikin yadda aka faɗi magana, ba cikin haɗiye ta ba. Malamin da ɗalibinshi ya gano mashi kuskure kafin duniya ta gano, ai rufa mashi asiri aka yi.

Za a ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, mu da labo ba kayan aiki, bursu ba ta zuwa kan lokaci, ina mu ina gyaran al'adar bincike? Mu kuwa a ganinmu talaka ne ya fi kowa buƙatar awo na gaskiya. Ƙasar da ke da kuɗin bincike ɗari, in goma suka lalace ba ta ji ba. Wadda ke da kuɗin guda uku fa? Sannan yawancin gyaran nan ba ya cin ko dala. Manhajar lissafi ta R kyauta ce. Rumbunan ajiyar bincike na OSF da Zenodo kyauta ne. AfricArXiv, da aka buɗe a 2018 don masu binciken Afirka, kyauta ne. AJOL na tara mujallun Afirka tun 1998. Abin da ke da tsada shi ne babba ya ce "na yi kuskure", shi kuma ba a sayen shi da sefa.

Za a ce in muka buɗe alƙalumanmu, baƙi masu manyan kwamfutoci za su kwashe su rubuta da sunansu. Wanga tsoro yana da tushe. An daɗe ana kuka da masu saukowa daga jirgi su ɗebi jini da ƙasa da labarin mutane, su koma su buga, ɗan gida ko a layin godiya da ƙyar. Babban taron duniya bisa amanar bincike da aka yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2022, karo na farko a nahiyarmu, wanga batu na adalci tsakanin masu kuɗi da marasa shi ya sa gaba. Amma maganin ɓarawo ba ɓoye kaya a daji ba ne. Aikin da aka aje a rumbu da kwanan wata da sunan mai shi ya fi wuyar sata bisa wanda ke cikin kwamfutar mutum ɗaya. Ana iya rufe alƙaluma har mai su ya buga nashi, sannan a buɗe. Sirrin marasa lafiya da sunayen mutane kuma, wannan ba a buɗe shi ko kaɗan.

Za a ce tona kurakuran masana zai sa jama'a su ƙi rigakafi da shawarar malaman gona. Mu tambaye ku, wace kasuwa kuka fi yarda da ita, wadda ake duba tiyar masu awo ko wadda aka hana kowa taɓa ta? Jama'a ba wawaye ba ne. Abin da ke kashe amana shi ne a ɓoye, daga baya asiri ya tonu.

To mi ya kamata a yi?

Iyayenmu farfesoshi, Allah ya ƙara girma, daga gare ku za a fara. Ku ba ɗaliban masta aikin maimaita lissafin wata maƙala, har da taku. Wanda ya yi aikin, sunanshi ya zo farko. Ranar da ɗalibi ya kawo sakamakon da bai yi daidai da abin da kuke zato ba, kada ku ce ya koma ya gyara har ya fito, ku ce ya kawo ku duba tare. Kalma ɗaya daga bakinku gaban aji, cewa "wane ya gano mani kuskure, na gode mashi", ta fi taron bita goma.

Shugabannin jami'o'i, a samu wata ƙofa da ɗalibi zai ƙwanƙwasa ba tare da ya bi ta ofishin wanda yake kuka da shi ba. A rubuta a fili cewa wanda ya kawo ƙorafi da gaskiya ba za a taɓa bursunshi ko ranar kare kundinshi ba, kuma yana iya sauya mai kula da aikinshi. A kare shi ma wanda ake zargi har sai an tabbatar, don ƙazafi ma zalunci ne. A aje kundayen masta da na dokta a intanet, kada su ƙare a kabad gara na ci.

Hukumomin ilimi mai zurfi, ku ke da kujera a CAMES, majalisar nan da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashe da dama na Afirka masu aiki da Faransanci. A nan Yamai aka haife ta a 1968, mazauninta na Wagadugu. Ta yi amfani ƙwarai, don ta sa malamin Nijar na bi ta hannun masana na wasu ƙasashe, ba ta hannun wa ka sani ba. Amma duk ma'aunin da ya jingina bisa yawan maƙalu ba ya ganin wanda ya tsabtace alƙaluma, ko ya maimaita gwaji, ko ya fassara sakamako da Hausa da Zabarmanci manomi ya amfana. Wakilanmu su kai wannan magana teburin. Abin da ba a ƙirga ba ranar ƙarin girma, ba wanda zai ɓata ƙuruciyarshi a kai.

Ƙungiyoyi da baƙi masu kawo kuɗin bincike, a zauna a rubuta tun ranar farko wa zai sa suna, ina alƙaluma za su zauna, kuma a ware kuɗin koyar da matasan gida lissafin, ba ɗaukar jaka kaɗai ba. Ku koma ƙauyen da kuka yi tambayoyi ku faɗa masu abin da kuka samu.

Mu kuma iyaye da 'yan uwa da gidajen rediyo, namu ya fi sauƙi amma ba ƙarami ba ne. Yaron da kundinshi ya yi jinkiri don ya ƙi rubuta abin da bai gani ba, kada mu tare shi da "sa'o'inka duk sun gama". Ɗan jarida in an kawo mashi sakamakon bincike, ya tambaya mutum nawa aka gwada, wa ya biya, wa ya sake dubawa. Attajiranmu da ke gina azuzuwa, Allah ya saka, ku tuna kuɗin intanet da man babur na ɗalibin dokta guda na shekara bai kai kuɗin ginin aji ɗaya ba.

Ku kuma ƙannenmu masu bincike, ku fara da kanku. Ku rubuta tsarinku kafin ku fita daji, ku aje takardun asali, kada ku sayi suna a mujallar bogi ko da kowa na yi. In kun ga kuskure, ku je wurin mai shi tukuna, da alƙaluma a hannu da ladabi a baki, ba Facebook ba. Kada ku tafi ku kaɗai, matasan Tilburg ma su uku ne. Ku kafa fadarku ta shayi a fakulte, mako-mako, maƙala guda, ku gayyaci malami ɗaya mai sauƙin kai ya zauna da ku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, mi kuka gani? Malamai, ɗalibai, ma'aikatan lafiya da na gona, ku aje ra'ayinku a ƙasa, amma don Allah ba kiran suna ba cin mutunci. Wanda ya san ɗalibin jami'a ko malami, ya tura mashi. Sai mun ji daga gare ku.